Ranar da Ticha Ɗangana Ya Nemi a Zage Shi

A Wara, in ka ce kana neman James Ɗangana, mutane za su yi ta kallon juna kamar ka tambayi sunan wani magani. Amma ka ce Ticha, nan take za a nuna maka gindin mangwaron da ke bakin kwata, inda jiragen ruwa ke sauke fasinja. Can za ka iske shi a kan benci, dogo, siriri, riga a cikin wando ko da rana na narka kwalta, lema a jingine, waya a hannu, fuska a ɗaure kamar mai jiran a kawo masa mai laifi.

Shekara talatin da biyar ya yi yana koyar da Turanci tsakanin Ngaski da Wara da Shanga. Rabin ma'aikatan da ke yankin ta hannunsa suka bi. Har yau akwai masu furfura da in sun hango kekensa sai su gyara tsayuwa, su laluba maɓallin rigarsu.

A wani ƙauye na kan tudu bayan Ngaski aka haife shi, gidan manoman dawa. Mahaifinsa bai kai shi makarantar mishan don son boko ba. Ya dai duba 'ya'yansa ne ya ga wanda gona ba za ta yi kewarsa ba. Ɗangana kuwa ya fi kowa iya riƙe ƙugu a bakin kunya yana gaya wa masu noma inda suka karkace. Uban ya ce tun da gyaran aikin wasu ya iya, a kai shi inda ake biyan mutum don haka.

A can ya haɗu da Turanci, ya kuma so shi irin son da mutum ke yi wa sabon babur: kullum a goge, kada kowa ya taɓa da hannu mai maiƙo. Ya gyara wa fasto sanarwa a tsakiyar sujada. Ya tsayar da mai kemis ya sa shi sake rubuta allon shagonsa. Da mahaifinsa ya rasu, wani tsohon ɗalibi ya aiko da takardar ta'aziyya, Ticha ya yi kuka, ya share hawaye, ya ɗauki jan biro ya zagaye kurakurai huɗu, ya mayar masa.

Mutum ɗaya ce gyaransa bai taɓa kamawa ba, matarsa Larai, mai suyar kifi a bakin kwata. Lokacin da yake nemanta ya rubuta mata wasiƙa shafi uku da Turanci. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta ƙunshe wa wani mai saye karfasa biyu da ita. Da ya tambaye ta amsa, ta ce in yana da magana ya buɗe baki, Allah ya ba shi. Sun shekara talatin da bakwai tare, kuma har yau ita ce kaɗai take ce masa, “Malam, rufe mana baki,” ya rufe.

Da ya yi ritaya sai duniya ta yi masa faɗi. Ba allo, ba alli, ba wanda zai gyara sai Larai, ita kuwa ba ta gyaruwa. Ana nan sai wani tsohon ɗalibinsa, Fa'izu, da ke karatun haɗa magunguna a Masar, ya bugo masa waya. Ya ce su 'yan yankin da ke karatu a waje suna da yawa, wasu Masar, wasu Indiya, wasu Turkiyya, kuma abu ɗaya ke cin su: a takarda suna ci, amma in aka ce su tashi su yi bayani da baki sai harshe ya naɗe. Ko Malam zai taimaka?

Ko zai taimaka! Kafin Fa'izu ya ajiye waya Ticha ya riga ya rubuta dokoki goma sha ɗaya.

Haka aka kafa Kulob ɗin Asabar. Kowace Asabar ƙarfe biyu na rana a nan, wato magariba a Indiya, sai a haɗu a kiran taro ta Wasaf. Ticha na zama gindin mangwaro ne saboda duk Wara nan ne sabis ba ya wasa da mutum, ga shi kusa da kaskon Larai. Saboda haka ɗaliban da ke Alƙahira da sauran birane kan ji darasi haɗe da ƙarar mai a kasko, da kukan injin jirgi, da muryar Larai tana cewa ba ta rage ko sisi.

Sun fara su ashirin da uku. Rubu'in awa na farko gaisuwa ke cinye shi, don ba ɗan gidan kirkin da zai shiga taro bai tambayi Malam gida da iyali da gajiya da ruwa ba, ɗaya bayan ɗaya. In an gama sai ya ba da batu, ya kira suna. Ɗalibi zai fara, kalma ta uku Ticha ya ce, “Tsaya.” Ya gyara. Ɗalibi ya sake farawa, kalma ta biyar, “Tsaya.” Kafin a kai ƙarshen jimla, mai maganar ya manta abin da ya ɗauko, Ticha kuma ya gamsu an yi aiki. Cikin wata shida suka koma tara. Sauran duk sabis ne ya hana su, in ji su. Abin mamaki, sabis ɗin ƙasashe uku ya riƙa lalacewa ranar Asabar ƙarfe biyu daidai.

Cikin taran da suka rage akwai Habsatu, kuma ita ba ta da damar gudu, don jini ne. Barira, yayar Ticha ta wajen uba, ta auri wani masunci tun tana budurwa, ta musulunta, ta zauna a wata tunga ta masunta a bakin ruwa. Ɗanta Mamman shi ke tuƙa jirgin fasinja. Habsatu ɗiyar Mamman ce. Da wata ƙungiyar 'yan asalin yankin ta ba ta tallafin karatun jinya a Indiya, Mamman ya ce ba inda za ta, nisan ya yi yawa. Ticha ne ya taka keke har gidansa, ya dafa ƙirji ya ce, “Mamman, ka ba ni ita. Ni na koyar da ita, na san kanta. In ta dawo ba takarda, ka riƙe ni.” Mamman ya ce, “To, Kawu, na ba ka.”

Yarinyar kuwa kanta na ja. Jarrabawar rubutu ba ta taɓa sauka daga sahun gaba ba. Sai dai makarantar na da ƙa'ida: kafin a bar baƙon ɗalibi ya shiga ɗakin marasa lafiya, sai ya zauna gaban malamai uku ya yi minti goma yana magana da Turanci. Dama uku ake bayarwa. Wanda ya faɗi ta uku, a ba shi tikitin gida. Habsatu ta faɗi biyu. A takardar da suka ba ta sun rubuta cewa ba su iya auna Turancinta ba, domin ba su ji shi ba. Ta zauna ne ta sunkuyar da kai, duk abin da aka tambaya ta ce, “Yes sa,” har ga malamar da ke mace.

Saura mako biyar a yi ta ƙarshe.

Ticha ya yi abin da ya sani, ya ninka shi. Ya ƙara mata Talata da Alhamis ita kaɗai. Ya rubuta mata amsoshi ta haddace. Ya ce ta tsaya gaban madubi. Kowane zama ya ce “Tsaya” sau talatin. Bayan mako biyu, ko “Yes sa” ɗin ma sai ya kasa kunne yake jinta. Ranar wata Alhamis ya yi tambaya ya ji shiru, ya ɗauka sabis ne, ya miƙe yana ɗaga waya sama yana zagaya mangwaro, sai ya ji shessheƙa. Sabis lafiyarsa lau.

Abin da ya fi damunsa shi ne Mamman. Kullum in ya ɗaure jirgi sai ya biyo ta gindin mangwaro, ya durƙusa, ya ce, “Kawu, ya ɗiyar taka?” Ticha ya ce, “Ana kai.” Mamman ya ce, “Madalla,” ya ajiye masa tarwaɗa biyu ya wuce. Tarwaɗar nan ta daina wuce wa Ticha a maƙogwaro. Larai ce ke cinye rabonsa, tana cewa damuwa ba ta hana kifi daɗi.

Ran kasuwa sai ga Barira ta sauko daga jirgin ɗanta, da sanda da ƙullin goro da wata tsohuwar waya a ɗaure a bakin zane. Ta haura tamanin, amma bakinta bai san da haka ba. Ta zauna a bencin Ticha ba sallama, ta miƙa masa wayar.

“Ɗangana, taɓa min abin ga. Shegiyar yarinyag ga ta aiko da magana, Mamman ya ce shi ba shi da lokaci.”

Ya danna saƙon murya. Minti bakwai ne da 'yan daƙiƙu. Wata murya ta fashe daga cikin wayar, mai kaifi, mai sauri, ba numfashi:

“Ke tsohuwa! An ce min har yanzu kina nan, ba ki ba mutane wuri ba. Na ji labarin kin sa haƙorin roba kin je biki, kika yi atishawa ya faɗa cikin kunun mutane. Ki bari in gama karatu, allurar farko ke zan yi wa, irin ta shanu...”

Haka ta yi ta yi. Ta bi ta kan tafiyar Barira, ta kwaikwayi tarinta, ta lissafa samarin da suka guje ta tun kafin a yi dam a kogin nan. Barira na dariya har da buga sanda a ƙasa, tana cewa, “Ja'ira! Za ki zo ki same ni.” Larai ta bar kifi na ƙonewa tana riƙe da ciki.

Ticha ya juya wayar gaba da baya.

“Yaya, wace ce wannan?”

“Mi kake nufi wace ce? Habsatu mana.”

“Habsatun Mamman? Ta Indiya?”

“Habsatu nawa gare mu?”

Sai ya ba ta labarin duka: faɗuwa biyu, da saura mako uku, da tikitin gida. Barira ta saurara tana tauna goro da gefen da ke da sauran haƙori. Da ya gama ta dube shi sama da ƙasa.

“To kai mi ne ne nata?”

“Malaminta.”

“Kafin malanta fa? Ni kakarta ce. Kai ƙanena ne. To kai mi ne ne?”

Ticha ya ce, “Kakanta,” a hankali, kamar mai amsa laifi gaban alƙali.

“Kakanta! Ka taɓa ce mata mummuna? Ka taɓa ce mata mai kunnen zomo? Tana shekara huɗu ta fizge maka hula ran suna, kowane kaka na duniya sai ya bi ta da gudu yana kiran ɓarauniya. Kai mi ka yi? Ka tsai da ita ka sa ta ba ka haƙuri da Turanci. Tun rannan in ta hango ka sai ta shige bayan rumbu. Yarinya an koya mata in babba na magana ta dubi ƙasa, kai kuma ka zo ka ɗora mata dutse bisa kai. Wurin kaka kaɗai aka bar wa yaro ya saki bakinshi, kai ka kulle wurin ka sa makulli aljihu. Yanzu kana mamaki ba ta magana.”

Gaskiyar Barira ce, kuma kowa a ƙasar nan ya san dokar. Uba ba a wasa da shi, kawu da baffa sai ladabi, malami kuwa ko inuwarsa ba a takawa. Amma kaka da jika, wannan fili ne da ba shinge. Jika ya ce wa kaka ya cika cin abinci bai mutu ba, kaka ya ce wa jika da ganin ƙafarsa ba zai yi arziki ba, kowa ya yi dariya. Kuma wanda aka tsokana ya yi shiru, shi aka ci. Ba jikar da ta san kanta da za ta bar tsoho da kalmar ƙarshe.

Ticha ya ce, “Yaya, ni fa shekara talatin da biyar ina...”

Larai ta ce, “Malam, rufe mana baki.”

Kwana biyu yana fama. Mutumin da bai taɓa yi wa ɗalibi murmushi ba sai ranar sallama, yau shi zai tsokani yarinya. Da ya rasa yadda zai yi sai ya zauna ya rubuta tsokanar a takarda, ya gyara ta sau uku, ya karanta wa Larai fassararta. Ta ce wannan ba tsokana ba ce, takardar kora daga aiki ce. Ta karɓe takardar ta sa a wuta, ta ce ya danna waya ya faɗi abin da ya zo bakinsa.

Ya danna, ya yi gyaran murya, ya ce da Turanci:

“Habsatu, kakanki ne. Ba Ticha ba, Ticha ya yi tafiya. Na ji abin da kika yi wa yayata, na zo rama mata. An gaya min tun da kika je Indiya barkononsu ke sa ki kuka kamar jaririya. Ban yi mamaki ba. Ɗiyar mai jirgi ce ke, amma ko kwale-kwale ba ki iya juyawa, sai ki yi ta zagaye wuri ɗaya kamar akuya a turke. Kunnuwanki kuwa na gidanmu ne, na ba ki haƙuri a kansu. In kina da amsa ki bayar. Sai dai ki sani kunnena ya tsufa, ya daina jin zagi da Hausa. Duk abin da ba da Turanci ba, ban ji ba, kuma na ci ki.”

Ya tura, ya ajiye wayar nesa da shi kamar za ta fashe.

Yini guda shiru. Ya ga alamar ta saurara, sau ɗaya dai alamar ke nunawa, amma shi ya rantse ta saurara sau goma. Kwana biyu shiru. Ya ce wa Larai shi ke nan, ya zubar da girman shekara talatin da biyar a banza, ya kuma ƙara firgita yarinya. Abin da bai sani ba, Habsatu ta buga wa Barira ta ce, “Kaka, Malam lafiya yake kuwa? Ko ya faɗi daga keke?” Barira ta ce lafiyarsa ƙalau, ya dai tuna shi wane ne, kuma in ta bar shi ya ci ta, kada ta sake kiranta kaka. Ba ta tsaya nan ba. Ta buɗe mata tsohon buhu, ta zazzage mata duk abin da ta sani game da ƙanenta tun yana yawo ba wando.

Rana ta uku saƙo ya shigo, daƙiƙa arba'in. Ya danna.

“Ina wuni... Kaka.” Ta ja numfashi. Sai Turanci ya biyo baya, yana tuntuɓe yana tashi. “Ka ce ban iya tuƙa kwale-kwale ba. Gaskiya ne. Amma ni ina shiga. An ce min akwai wani mutum a Wara, shekara arba'in yana zaune bakin ruwa, bai taɓa sa ƙafa cikin jirgi ba. In zai je gidan yayarsa, tafiyar rabin awa ta ruwa, sai ya zagaya awa uku a kan keke, ya ce wai motsa jiki yake yi.”

A cikin daƙiƙa arba'in ɗin nan Ticha ya ƙirga kurakurai shida. Yatsansa har ya kai kan waya. Larai ta ɗaga matsamin kifi ta nuna shi da shi, mai na ɗiga. Ya janye yatsan. Maimakon gyara sai ya amsa cewa jirgi na marasa keke ne.

Amsarta ta zo kafin la'asar, minti biyu. Washegari minti huɗu. Kafin mako ya zagayo, Ticha ya ji tarihin kansa da bai san an adana ba: yadda tunkiya ta kore shi daga gona yana ɗan shekara tara, da yadda ya rera waƙa a coci har aka roƙe shi ya riƙa motsa baki kawai. Kurakuran kuwa ya lura da wani abu game da su. In ya mayar da amsa ya yi amfani da kalmar daidai a cikin tasa tsokanar, sai ta ɗauke ta ta jefo masa ita daidai a saƙo na gaba, don kada ya samu abin dariya. Abin da “Tsaya” ta kasa yi a wata takwas, gudun kunya gaban tsoho ya yi shi a kwana takwas.

Ranar Asabar a kulob ya kira sunanta, ya ce ta gaya wa jama'a dalilin da ya sa kunnuwanta ke riga ta shiga ɗaki. Sauran takwas kowa na zaton Malam ya sha wani abu. Habsatu ta ce kunnuwan gado ne, kuma wanda ta gada a wurinsa yana amfani da nasa ne wajen tare iska in yana gangara a keke. Fa'izu ya yi dariya har wayarsa ta faɗi. Da ya ɗauka ya ce, “Malam, wannan ba adalci ba ne, mu ma muna so.” Ticha ya ce shi ba kakan kowa ba ne, kowa ya nemi nasa. Da aka bincika, sai ga taubasai biyu a cikin taran, ɗan mace da ɗan namiji, an haɗa su suka yi ta yi. Asabar ta gaba mutum goma sha bakwai suka shigo. Sabis ya gyaru a ƙasashe uku lokaci guda.

Ana jibi jarrabawa Habsatu ta kira shi, muryar ta koma ƙasa.

“Kaka, akwai matsala. Su waɗancan ba kakannina ba ne. In na shiga na ga sun zauna su uku da takardu, wuyana da kansa yake sunkuyawa.”

Wannan kam Ticha bai shirya mata ba. Da can da sai ya ba ta dokoki biyar. Yanzu ya ce, “Ban sani ba, Habsatu. Ba zan ce ki zage su ba, kada a koro ki da dalili. Abin da na sani, bakin da ya hana ni barcin rana mako biyu yana nan a fuskarki, ba a Wara kika bar shi ba. In wuyan ya sunkuya, ki bar shi ya sunkuya, ki yi magana a hakan. In kuma kika fito ba ki ce komai ba, zan gaya wa Barira na ci ki.”

Ta ce, “Allah ya kiyaye.”

Ranar jarrabawa ƙarfe goma na safe ne a can, nan kuwa ko asuba ba ta gama wayewa ba. Sakamako sai bayan malaman sun tashi aiki. Ticha ya zo gindin mangwaro tun hantsi, ya zauna, ya tashi, ya buɗe lema, ya rufe. Mamman ya ɗaure jirgi ya zo ya tsuguna gefe, ya ƙi ɗaukar fasinja, don Barira ta riga ta fasa masa ƙwan. Yau bai kawo tarwaɗa ba.

Wajen sha ɗaya waya ta yi ƙara. Ticha ya sa ta a lasifika.

“Kaka! Na ci! Litinin zan shiga ɗakin marasa lafiya!”

Mamman ya faɗi zaune a ƙasa yana hamdala. Larai ta rangaɗa guɗa har masu sauke buhuna suka juyo. Ticha ya cire tabarau ya goge, ya ce hayaƙin kasko ne. Sannan ya tambaye ta me suka tambaya.

“Cewa suka yi in ba su labarin wani mutum da na sani sosai.”

“Madalla. Kin ba su na mahaifinki?”

“A'a.”

“Na Barira?”

“A'a, Kaka. Na fara kaina a ƙasa, na ce akwai wani tsoho a garinmu. Da na kai wurin tunkiya sai na ji babbar malamar ta yi dariya, na ɗago in ga ko da ni take, daga nan ban sake sunkuyawa ba. Minti goma suka cika, mai riƙe da agogo ya ce in ci gaba, yana so ya ji yadda aka ƙare da wasiƙar da aka ƙunshe kifi da ita.”

Ticha ya juya a hankali ya dubi Larai. Larai ta duƙufa tana juya kifin da bai buƙatar juyi. Ba ta jin Turanci, amma ta gane kallon, don daga bakinta labarin wasiƙar ya fita.

“Babbar malamar ta ce in gaishe ka,” in ji Habsatu. “Ta ce ita ma tana da kawu mai tsoron ruwa, amma nata ko wanka sai an yi masa alkawari.”

Da Turanci aka yi wannan ɓangaren, saboda haka Mamman bai tsinci komai ba sai dariyar ɗiyarsa. Da aka kashe waya ya matso, ido jawur don murna.

“Kawu, mi ta gaya musu haka har suka ba ta?”

Ticha ya gyara wuyan riga, ya mayar da fuskar aiki.

“Ta yi musu bayani ne a kan tarihin ilimi a ƙasar Ngaski.”

“Allahu akbar,” in ji Mamman. “Ilimi dai!”

Larai ta ajiye matsami, ta goge hannu a zane, ta dubi masu jiran jirgi da masu sayen kifi da duk wanda ke da kunne a bakin kwata.

“Ku matso,” ta ce. “Ni zan fassara muku tarihin.”